Kwalin da Ya Dawo da Kifi

Shekara huɗu ke nan da tafiyata Njamena, amma har yau duk Asabar ɗin da muka taru a shagon Injiniya Bala sai wani ya tayar da zancen. Wai garin suke so su ji yadda yake. Ƙarya suke yi. Abin da ke cin ransu shi ne yadda na tashi daga Kano da kwali, na yi musu alkawarin dawowa da rediyon da babu irinsa a duk Gwammaja, sannan na dawo da kwalin cike da busasshen kifi. Kifin kuma sun ci, har abokinmu Malam Ado ya aiko neman ƙari. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi ana katse ni, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya sake tambayata, takardar zan miƙa masa.

Ga wanda bai san mu ba, mu 'yan rediyon sha'awa ne. Ba a gidan rediyo muke aiki ba, ba ma karanta wa kowa labarai. Kowannenmu yana da akwatin da yake ji kuma yake magana, da eriya a kan rufi, da lasisi, da lambar kira tasa shi kaɗai. Kana zaune a ɗakinka za ka yi kira cikin iska, ba ka san wanda zai amsa ba. Yau mutumin Damagaram ne, gobe wani manomi a ƙasar da sai ka ɗauko taswira. Ana yi da baki, ana kuma yi da Mos, wato bugun nan na gajere da dogo da ake yi da ɗan ƙarfe a ƙarƙashin yatsu. Marigayiya matata, Hajiya Rabi, takan ce mu ne mutanen da za su bar maƙwabci tsaye a ƙofar gida su tafi gaisawa da wanda ba su taɓa gani ba. Ban taɓa iya musa mata ba.

A farkon shekarun casa'in, wata Juma'a bayan sallar asuba, ina ta kira da Turancin da muka saba, sai wata murya ta amsa daga Chadi. Da na faɗi sunana, Tanimu, na faɗi garina, sai mutumin ya ce, "Ɗan Kano, ka kwana lafiya?"

Wallahi sai da na miƙe tsaye. Shekarata goma a wannan harka ban taɓa jin Hausa ta fito daga wannan ɓangaren ba.

Sunansa Baba Harisu. Kakansa ya tashi daga ƙasar Katsina a ƙafa zai je Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari, ya ce bari ya yi noman damina ɗaya ya wuce. Damina ɗayan ce har yau. Shi Baba aikin buga tangaraho ya yi a gidan waya tun ana kiran Njamena Fort Lamy, da ya ajiye aiki ya kasa rabuwa da ƙarfen. Yakan ce kakansa ya tsaya a hanya, shi kuma muryarsa ta ƙarasa masa tafiyar, har ta wuce. Daga ranar nan, duk Juma'a bayan asuba muna tare, shekara goma sha biyu. Ya san ranar da na aurar da 'yata, na san ranar da ruwa ya ci masa katanga. Fuskarsa kuwa ban taɓa gani ba.

Kamar shekara ɗaya da rabi kafin tafiyata, ya daina magana da baki, ya koma Mos zalla, ya ce murya ce ta ƙi. Mu 'yan Mos da hannu muke gane juna, kamar yadda kake gane takun ɗan'uwanka tun yana zaure. Ni kuma akwai ni da alfahari da kunnena. Hannun Baba mai nauyi ne, yana jan dogon bugu. Sai na ji ya yi sauƙi, ya yi tsaf, har da sauri. Na ce wa su Bala tsufa ya gyara wa Baba hannu. Ku riƙe wannan, a nan wautata take.

A cikin wannan tsakanin ne Hajiya ta rasu. Juma'ar da ta biyo bayan sadakar bakwai na zauna zan buga masa, ina kaiwa tsakiya hannuna ya ƙi motsi. Na fi minti biyar ban buga komai ba. Sai amsa ta zo a hankali: "Ina nan. Ina saurare. Kada ka kashe." Duk gaisuwar da aka yi mini a kan tabarma, babu wadda ta shige ni kamar wannan.

Bayan 'yan watanni sai ga saƙon da ya tayar da ni. Ya buga cewa ya tsufa, ba shi da magaji a wannan harka, ɗansa zai mai da ɗakin rediyon shago, in zo in ɗauki akwatin kafin ya faɗa hannun masu sayen gwangwan. Ba zan ɓoye ba, rabin zuciyata murna ta yi, don na daɗe ina jin labarin akwatin nan. Ɗaya rabin kuwa ta san in na ɗauko shi, Hausa ta daina fitowa daga Njamena ke nan, Juma'ata kuma ta zama kamar kowace rana.

Na samo kwalin talabijin mai kauri, na yanka soson katifa na shimfiɗa a ciki ta ko'ina, na ɗaure da igiya. Rigimar farko a tashar Kano aka yi ta. Direba ya ce kwalin sama za shi, na ce ba zai hau ba, kada a danne shi da buhu. Ya ɗaga ya ji babu nauyi, ya tambaye ni me ke ciki, na ce babu komai. Ya dube ni, ya dubi yaran tasha, daga nan aka fara yi mini magana a hankali kamar marar lafiya. A kan cinyata kwalin ya je Maiduguri. Bayan Potiskum taya ta fashe, muka yi awa biyu a gindin wata tsamiya, wata tsohuwa da za ta Damaturu ta roƙe ni in ba ta shi ta zauna a kai. Na hana ta, ta yi mini Allah ya shirya.

A Maiduguri gidan Bukar na sauka, abokina tun makarantar koyon sana'a. Shi ma dā ɗan harkar ne, da shi muka ci jarrabawar lasisi. Da safe na fito alwala na ga wayar eriyarsa an sauko da ita, an ɗaura tsakanin ginshiƙi da bishiya, an shanya zannuwa a kai. Bukar ya ga inda nake kallo, ya ce in bari kawai, 'ya'yansa kowa ya sayi salula, shi kuma gwiwa ta hana shi hawa rufi. Na yi masa tsiya sosai, amma abin ya tsaya mini. Mu ma a Kano dā mun kai mu ashirin, lokacin mun koma mu huɗu, kuma ƙaraminmu ya yi furfura.

A Gamboru, bakin iyaka, na gane cewa kwali marar komai ya fi cikakke jawo magana. Jami'in da ke duba kaya ya kwance igiyar, ya ciro soson ɗaya bayan ɗaya, ya matsa kowanne, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa gindin kwalin. Na ce masa rediyo zan ɗauko. Ya ce duk rediyon da ke Kano? Na fara yi masa bayanin harkarmu, na ciro lasisina, sai na ga idonsa na ƙara ƙanƙancewa, don mutumin da ke magana da ƙasashen waje daga ɗakinsa ba abin saki ba ne a wurinsa. Wani Bafulatani dillalin shanu da muke mota ɗaya, Alhaji Jauro, shi ya cece ni. Ya ja jami'in gefe ya ce masa ai ya lura da ni tun daga Maiduguri, ba ni da illa, tsufa ne kawai. Aka sake ni. Ban san ko in gode masa ko in zage shi ba.

Daga Fotokol zuwa Kusiri ƙasar Kamaru ce, hanyar kuma ba na fatan maƙiyina ya bi ta da ciwon baya. Damina ta ɗauke ba da daɗewa ba, laka ta bushe da sawun manyan motoci, muna tafe muna karo da juna. Alhaji Jauro ya ba ni dabino, ya tambaye ni me ake samu a rediyon nan. Na ce ba a samun komai, kashewa ma ake yi. Ya yi tunani ya ce to kamar kiwon tantabara ke nan, ka sake ta ta tafi, daɗin shi ne ka ga ta dawo. Shekara ashirin ina neman yadda zan yi wa mutane bayani, dillalin shanu ya gama shi a numfashi ɗaya.

Muka haye gada da yamma, aka duba katin allura, aka buga hatimi, sai ga ni a Njamena. Alluna da Faransanci, baki da Larabci, maza sun naɗe kai da fuska da rawanin da suke kira kadamul, sai ido kawai kake gani. Adireshin da Baba ya ba ni shi ne unguwar Habbena, kusa da kasuwa, shi ke nan. Na yi ta faɗin sunansa babu wanda ya gane, har na faɗa rumfar wani mahauci Bahaushe. Hausarsa ta ba ni dariya, kalma uku tamu, ta huɗu Larabci, ta biyar Faransanci, shi kuma yana dariyar tawa wai na cika jan magana. Da na ce tsoho mai eriya, sai ya ce ai sai in ce Abu Silik, wato mai waya. Ya yanko mini gasasshen naman raƙumi ya ce baƙon Abu Silik ba ya wucewa haka, sannan ya nuna mini wani dogon ƙarfe da ya fi duk rufin unguwar tsawo.

Shekara goma sha biyu ina zana Baba a raina ƙato, mai faɗin ƙirji, saboda muryarsa. Wanda na tarar a kan kujera a zaure ɗan tsamurmurin tsoho ne, bakinsa ya karkace gefe, hannunsa na dama yana kwance a kan cinya kamar ba nasa ba. Na durƙusa na kama na hagun. Ya daɗe yana haɗa kalmar kafin ta fito.

"Ɗan Kano. Ka kwana lafiya?"

Da magariba ne fa. Na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Ɗansa Mahamat, mutum mai fara'a, ya gaya mini shanyewar ɓarin jiki ce, shekara ɗaya da rabi ke nan. Nan take na ce a raina, ashe da hagu Baba ya koma bugawa, shi ya sa hannun ya canza. Har na ƙara ganin girmansa. Ban tambayi kowa ba, don ni ai masani ne.

A ɗakin rediyon aka yi mini shimfiɗa. Bango duk katuna ne na mutanen da ya yi magana da su, wasu sun yi ja saboda daɗewa, nawa yana kusa da taga. Akwatin yana kan tebur, baƙi, tsohon yayi mai bawul, wato ƙwan gilashin nan da ke yin zafi a ciki, an lulluɓe shi da wani yadi da aka yi wa ɗinki mai kyau. Na ɗaga yadin na shafa shi, na ji kwaɗayi, na kuma ji kunyar kwaɗayin.

Abinci kuwa, tuwonsu esh suke ce masa, a ƙwarya ake dunƙula shi ya fito kamar hula, a kawo da miyar kuɓewa da busasshen nama. Suna ci shiru kuma da sauri, ni da na saba hira a kan akushi ina ɗago kai na ga an tashi. Zoɓonmu karkanji ne a can. Shayi kuwa ja ne wur, a ɗan ƙaramin kofi, sukari kamar an yi gaba da shi, kuma ba a ƙin na biyu. Da azahar gari yakan mutu, ofis a rufe, shago a rufe, kowa ya nemi inuwa ya kwanta. Na ce wa Mahamat in aka yi haka a Kantin Kwari sai a ɗauka annoba ce. Mai kawo mana abincin 'yar Baba ce, Zainaba, mace mai kamar shekara arba'in, mijinta ya rasu ta dawo gida da keken ɗinkinta. Takan gaishe ni da Kawu, ta ajiye tire, ta fita.

Kwana ɗaya na yi na ji ba zan iya ɗauke akwatin nan ban gwada nema masa magaji ba. Na ce wa Mahamat ya tara mini samari, ko ɗaya ya kamu sai a bar masa. Shi Mahamat ba mugu ba ne, ya ce shi dai harkar ba ta shige shi ba, kuma yana da iyali, ɗakin yana bakin titi, shagon sayar da katin waya zai buɗe. Amma ya tara mini mutum bakwai, har da makanikai biyu daga unguwar Chagoua da wani malamin makaranta daga unguwar Goudji.

To ku ji abin da na yi da su. Na tsayar da su awa guda ina bayanin yadda iska ke ɗaukar magana ta kai sama ta dawo, Mahamat yana fassarawa yana hamma. Na rubuta musu haruffan Mos a kan kwali na ce sai an haddace kafin a zauna a kujerar nan. Na lissafa dokoki. Ɗaya daga makanikan ya miƙa hannu zai murɗa, na buge hannun. Sannan na kunna, da rana tsaka, na yi ta kira da baki, babu abin da ke fitowa sai shuuu. Zainaba ta shigo da shayi, ta ɗan tsaya, ta ce a hankali, "Kawu, yanzu babu kowa a nan. Sai bayan la'asar, kuma ka ɗan murɗa shi ƙasa." Na ce mata na gode 'yata, da irin muryar da ake korar mutum da ita. Malamin makarantar ya tambaya ko za ka iya kiran wanda kake so. Na ce a'a, ai daɗin ke nan. Ya ciro salula ya kira wansa a Abeshe, suka gaisa a gabana, ya mai da ita aljihu. Kafin la'asar ɗakin ya koma ni da Baba. Na ce yaran yanzu ba su da haƙuri, Baba ya gyaɗa kai. Haka muka zauna, tsofaffi biyu, kowa yana ba ɗan'uwansa gaskiya.

Ranar Alhamis na gwada kwalin, ya yi daidai kamar don shi aka yi. Baba ya ce kada in cire waya tukuna, gobe Juma'a, yana so ya yi sallama da mutanensa. Dama na bar wa Injiniya Bala saƙo ya saurare mu daga Kano.

Da asubar Juma'a muka dawo daga masallaci, Mahamat ya zaunar da Baba kusa da tebur. Ina jira in ga yadda yake yi da hagu. Sai ya juya wajen ƙofa ya ce, "Zainaba. Zo ki ara mini hannu."

Ta shigo tana goge hannu da gefen lafayarta, ta ɗage yadin, ta kunna, ta jira bawul ya yi zafi, ta murɗa ba tare da ta duba ba. Ta ɗora yatsu uku a kan ƙarfen. Bugu biyar ta yi na gane. Hannun nan ne mai sauƙi, mai tsafta, wanda nake yi wa Barka da Juma'a shekara ɗaya da rabi. Baba yana faɗin kalma ɗaya da ƙyar, ita tana ƙarasa jimlar. Bala ya amso daga Kano yana cewa Baba hannunka sai ƙara kyau yake. Injiniya, ka ji, ba ni kaɗai ba ne.

Da ta kashe, raina ya riga ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci ba na iya zagaye. Na ce wa Baba ya taso ni tun daga Kano a kan ba shi da magaji, alhali ga magaji a gidansa yana dafa mana shayi. Ya dube ni da mamaki na gaske. Ya ce ai Zainaba hannu ce kawai, shi ne mai lambar. Ba ta da lasisi, ba ta yi jarrabawa ba, ba ta taɓa zama a aji an koya mata ba. Tun tana ƙarama dai takan zauna a bakin ƙofa tana tsince shinkafa yana bugawa, da ya kwanta ciwo sai ya tarar ta iya. Bai ɓoye mini don yaudara ba, shi a ganinsa babu abin faɗa, kamar yadda ba ka gaya wa mutum da wane alƙalami ka rubuta masa wasiƙa. Na buɗe baki zan ƙara, sai na tuna hannun makanikin da na buge shekaranjiya, da muryar da na kori Zainaba da ita. 

Na juya na tambaye ta ko saƙon da ya kira ni, mai cewa babu magaji, ita ta buga. Ta ce ita ce. Na ce ba ta ce komai ba?

"Ba wanda ya tambaye ni, Kawu."

Na ce to yanzu na tambaya. Ta dubi mahaifinta, ta dubi ƙasa, sannan ta yi magana mai tsawo, wadda ban zaci tana da ita ba. Ta ce da farko don Baba take yi. Amma akwai ranar da ya yi gyangyaɗi suna tsakiyar kira, wani ya amso daga wata ƙasa mai nisa, ta ji tsoro, ta kuma kasa tashi. Mutumin ya gaya mata ana ruwa a garinsu, ta gaya masa nan rana ake yi. Bai tambaye ta 'yar wa ce ba, bai tambaye ta matar wa ce ba, bai yi mata ta'aziyyar mijinta ba. Ta ce ranar ta wuni tana ɗinki tana murmushi ita kaɗai.

Akwai tambayar da nake tsoro, amma na yi ta. Na ce ranar da na buga rasuwar Hajiya fa?

"Baba kuka yake yi, ya kasa cewa komai," in ji ta. "Ni kuma na san shirun nan, na taɓa yin sa. Ka yafe mini, Kawu. Ni na buga."

 Na tashi na ɗauki kwalin na fitar da shi tsakar gida.

Sauran aikin bai yi wuya ba. Mahamat ɗaki yake so, ba rediyo ba, da ya ji za a mai da akwatin ɗakin Zainaba kusa da keken ɗinki, shi ya fara kama tebur. Baba ne ya ɗan yi gardama, ya ce ofis ɗin maza ne, jarrabawar da Faransanci ce. Zainaba ta tuna masa shi ya kai ta makaranta har aji tara. Sai ya ce to a ɗauko masa tsohon littafinsa na dokoki, in za a yi a yi daidai. Muka yi sharaɗi, kafin ta samu lasisi ba za ta buga ba sai yana zaune, da lambarsa. Ni na hau dalbejiyar tsakar gida don jan sabuwar waya, ina da shekara hamsin da takwas, reshe ya kama wandona ya tsarge shi tun daga gwiwa. Mai lasisin gobe ce ta ɗinke mini.

Ranar da zan taho, ta cire soson ta cika kwalin da busasshen kifin da suke kira salanga, ta ɗora ƙullin nama a kai. Baba ya riƙe hannuna ya daɗe, mu duka mun san ba za mu sake ganin juna ba. A Gamboru na tarar da jami'in nan dai. Ya gane ni, ya kwance igiyar, warin kifi ya buge shi. Ya ce ina rediyon? Na ce yana da mai shi. Ya girgiza kai ya ce in wuce, Allah ya ba ni lafiya.

Wata takwas Zainaba ta yi tana zirga-zirga kafin ta samu lambarta, kuma na ji labarin wanda ya gwada ta a Mos sai da ya roƙe ta ta rage sauri. Mu ma a nan na canza hali. Duk wanda ya leƙo shagon Bala yana kallo, kujera nake ba shi, in ɗora masa yatsu a kan ƙarfen ina zaune a gefe, dokoki su biyo baya. Mu bakwai ne yanzu, har da mai facin tayar bakin titi da wata ma'aikaciyar jinya. Ba yawa ba ne, amma an daina ƙirga mu da yatsun hannu ɗaya.

Baba ya ga lasisin da idonsa, an ce ya sa an manna shi a bango sama da nasa. Bayan kamar shekara guda, wata Juma'a bayan asuba, na kunna na ji ta tana kirana da lambarta. Muka gaisa. Ta buga, "Kawu, Baba," sai hannun ya tsaya. Na jira, babu komai sai shuuu. Na san abin da ya faru, na kuma san shirun. Na ɗora yatsuna a kan ƙarfen, na buga mata a hankali da hannuna mai nauyi:

"Ina nan. Ina saurare. Kada ki kashe."

Ba ta kashe ba. Har yau ba ta kashe ba.